Bindiga Mai Rabuwa Biyu

Aladen daji ba ya ɓarna irin ta ɓarawo, ya ɗauki na ɗauka ya bar maka saura. Tono yake yi, kunya bayan kunya, abin da bai ci ba ya baje shi a rana. Da safiyar Asabar ɗin nan muna tsaye ni da mijina Hollis a bakin gonar gyaɗarmu ta gefen rafi, wani sashe nata ya koma kamar filin da aka kwana ana kokawa. Saura 'yan makonni a cire gyaɗar, kuma ita kaɗai ce ta yi mana kyau a duk abin da muka shuka bana.

"Garke ne," in ji Hollis. Ya tsuguna yana auna sawu da tafin hannunsa. "Iyaye mata da 'ya'yansu. Sun gane tarko, ba za su sake shiga ba."

"To sai mu zuba musu ido su ƙarasa?"

Ya ci gaba da duban sawun. Na san amsar, shi ma ya sani, amma kalmar bindiga ta daɗe ba ta fita daga bakin kowa a gidanmu ba.

A nan kudancin Jojiya ta ƙasar Amurka, gidan da babu bindiga sai dai coci, shi ma ba zan rantse ba. Mu ma da muna da biyu, ta harbin barewa da ta tsuntsaye, duk gadon mahaifin Hollis. Shekarar da guguwa ta kwantar mana da auduga, ta tuge itatuwan da kakansa ya dasa, Hollis ya daina magana. Ya daina aski, ya daina zuwa coci. Sai ya shiga a-kori-kurarsa a rumfar tarakta ya zauna, inji a kashe, har rana ta faɗi. Wata safiya ya naɗe bindigogin a bargo ya kai wa yayana Grady, ya ce, "Wanke min su, ba sauri nake ba." Grady ya karɓa ya ce to. A wajenmu in namiji ya kai bindigarsa wanki ya ce ba ya sauri, kowa ya gane tsoron abin da hannunsa zai yi wa ransa yake ji. Ba a tambayarsa, ba a yi masa jaje, ba a kuma mayar masa sai matarsa ta ce a mayar. Ni kuwa ban taɓa cewa ba.

Yanzu ya samu sauƙi, haka kowa ke faɗi. Yana shan maganinsa, yana cin abinci, har waƙa yake a coci da muryar nan tasa mai korar kaji. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

"Ko Grady ya dawo da ta Baba ba za ta yi ba," ya ce, bai ɗago ba. "Kafin ki ɗura na biyu sun watse. Garke sai da wadda take ɗura wa kanta harsashi, kina ja tana tashi."

"To ni zan saya," na ce. "Da sunana. Ni kuma zan harba."

"Ke? Twila, ke da in an fasa leda sai kin toshe kunne?"

"Ni ɗin dai."

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, sai na ga fuskarsa ta washe, irin washewar da na manta yana da ita. Ya ce bari ya sa riga mai kyau ya raka ni gari, kar a sayar min da jaɓu. Ya yi gaba har da ɗan fito. Ni kuwa gabana ya yanke ya faɗi, domin likitarsa ta taɓa jan hannuna gefe ta ce min, ba ranar da ya yi shiru ce abar tsoro ba, ranar da kika ga ya wartsake farat ɗaya, ki buɗe ido. To ga gona na tafiya, ga miji na fito. Gaba kura, baya siyaki.

Kuɗin da nake tarawa na sabon injin wanki na ɗauko, na ƙwai da na zumar da nake kai wa kasuwar Asabar. Ba su kai na sabuwar bindiga ta kirki ba, don haka muka nufi shagon jinginar Baba Purvis, abokin marigayi mahaifina. Shagon nan babu abin da talauci bai kawo masa ba: zarto, garaya, zoben aure, har haƙoran zinare na wata mata da ba ta dawo ba. Bindigogin suna jere a bango bayan kanta.

"A'a, yau wace rana!" in ji shi. "'Yar Tackett da ƙafarta. Tun da wannan mummunan ya ɗauke ki kika manta da tsohon saurayinki."

"Saurayi ba haƙori? Baba Purvis, rufa min asiri."

"Ji ta. To me aka kawo min, ko me za a ɗauka?"

"Bindiga nake so."

Nan take ya daina dariya. Bai dubi ni ba, Hollis ya duba, sannan ya dawo da ido kaina yana neman in ba shi wata alama. Ban ba shi ko ɗaya ba.

"Tata ce, Baba," in ji Hollis. "Ni ɗan rakiya ne. Aladu sun shigar mana gyaɗa."

"Aladu," Baba Purvis ya maimaita a hankali. "To madalla. Nawa kika riƙo, 'yata?"

Na faɗa masa. Ya yi fito.

"Da wannan ai sai dai in sayar miki da danƙo da tsakuwa."

Duk da haka ya juya ya fara saukewa. Ya fara da wata sabuwa fil a kwalinta, sai ƙyalli take, farashinta kuma ƙasa da abin da na riƙo. Har na miƙa hannu ya janye ta.

"Nuna miki na yi don ki san ta, in kin gan ta a wani wuri ki wuce. Araha ba ta ado. Wannan cijewa take. Aladiya mai 'ya'ya in kin ji mata ciwo ba ta faɗi ba, kanki za ta yo. A lokacin kika ja kunama kika ji ƙas, to sai dai ki yi mata wa'azi."

Sai ya sauko da wata tsohuwa mai gindin katako, katakon ya yi baƙi don riƙo. Ya ajiye ta a kan kanta da hannu biyu.

"Ga taki nan. Ta marigayi Delbert ce, matarsa ta kawo. Ba ta da kyau, tana da nauyi, amma ko a laka kika binne ta kika tono za ta tashi. Kuma za ki samu ragowar kuɗin harsashi har ki koyi hannu. In 'yar cikina ce ta zo, ita zan ba ta."

Hollis ya ce, "Mu gani."

Baba Purvis ya buɗe cikinta ya nuna mana babu komai, sannan ya miƙa masa.

Ban ga bindiga a hannun mijina ba tun ranar bargon nan. Ya karɓe ta kamar jiya ya ajiye. Ya kai ta kafaɗa, ya kwantar da kumatunsa a kan katakon, ya rufe ido ɗaya yana saitin wata fanka a kusurwar shago. Hannunsa ko motsi. Numfashinsa ya sauka a hankali, kafaɗunsa suka saki. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to na tambaya, fuskar ba ta gaya min komai ba sai kwanciyar hankali, ita ce kuma abin da nake tsoro. Na ji kamar in fizge ta in ce na fasa, aladu su cinye gonar har da rafin. Amma in na yi haka a gaban mutane, na gaya wa gari duka cewa ban yarda da shi ba, bayan duk ƙoƙarin da ya yi ya miƙe.

Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke ta ya juya cikinta sama, yana bin ƙasan da yatsa.

"Yaya ake buɗe ta?"

"Sai da ɗan ƙarfe da haƙuri," in ji Baba Purvis. "Amma me za ta buɗe? Ta ɗiga mata mai kawai."

"Ba ta yi ba." Ya ajiye. Ya nuna can ƙarshen bango. "Sauko da baƙar nan."

"Wannan? Haba Hollis. Ta sha hannu, duk ta kakkarce, kuma za ta cinye kuɗin yarinyar nan ƙaf. Ba na ce ba ta aiki ba, tana yi, amma ba ta kama ƙafar ta Delbert ba. Kai ma ka sani."

"Na sani. Sauko da ita."

Raina ya ɓaci, kuma gara ɓacin ran da tsoron da nake ciki, don haka na sake shi. "Kai Hollis, dakata. Kuɗina ne ko naka? Mutum ya ce ga mai kyau ga mai sauƙi, kai ka nace sai mai kama da ta soja. Yaro ne kai? In sayi bindiga in rasa na harsashi, in je in nuna wa aladu su ji tsoro?"

"Zo nan," ya ce. Ba da faɗa ba.

Ya kwantar da baƙar a kan kanta. Akwai wasu 'yan ƙusoshi biyu a gefenta, ya tura su da babban yatsa, sai bindiga ta rabu biyu kamar an ɓare gyaɗa. Ya zaro wani ƙarfe daga cikinta, tsawonsa bai wuce taƙi ba, duk maiƙo. Ya ɗaga min shi.

"Kin ga wannan? Shi ke tura harsashi, shi ke dukansa. In babu shi, wannan sanda ce. Ko gidan harsashi cike yake, ko wa ya ja, ba abin da zai fito." Ya mayar ya haɗa. "Yi in gani."

Baba Purvis, wanda bakinsa ba ya rufuwa ko a jana'iza, ya dubi Hollis, ya dube ni. Ya ce bari ya duba mana lemo mai sanyi a ciki, ya shige ya bar mu.

Na tura ƙusar ta ƙi. Na sake har farcena ya karye.

"Ba da farce ba, da naman yatsa. Sake."

Na raba, na zaro, na mayar.

"Sake."

"Na iya mana."

"Sake, ba ki kallo."

Na ɗauke kai ina duban zoben auren mutane a gilashi, hannuna na yi. A nan ne abin ya fara sauka min. Ba don aladu ya zaɓi wannan bindiga ba.

Baba Purvis ya dawo babu lemo. Ya buga wa hukuma waya suka tantance sunana, ya karɓi kuɗin. Da ya zo naɗewa sai ya raba ta da kansa, ya sa gangar jikin a kwali ya tura wa Hollis. Ƙarfen kuwa ya naɗe a tsumma ya damƙa min a tafin hannu, ya rufe yatsuna a kai da nasa. Ya ɗora min kwalayen harsashi biyu ya ce gyara ne, kar in yi masa gardama.

"Ki gaishe min da Grady," shi ne abin da ya ce kawai.

Muka kama hanyar gida a mota, muka wuce injin gurzar auduga. Ƙarfen na aljihun rigar aikina yana jan ta ƙasa. Hollis ya tsaya wurin mai dafaffiyar gyaɗa a bakin hanya ya sayo leda ɗaya, ya ajiye a tsakaninmu, ba wanda ya taɓa.

"Kar ki sa shi a gwangwanin fulawa," ya ce, idonsa a kan titi. "Na san nan. Na san ƙasan kwandon ɗinki, na san saman durowa. Gidan nan babu inda ban sani ba. A jikinki zai zauna. In za ki wanka ki shiga da shi."

"Hollis. Har yanzu tunanin nan na zuwa maka?"

Ya gyara riƙon sitiyari.

"Ba kullum ba. Wata safiyar dai. Yana zuwa, in na jira ya wuce. Jiran ne ba na so a gajarta min."

Hawaye suka zubo min, ban share ba. Duk watannin nan ina gaya wa mutane ya warke, har na fara gaya wa kaina. Na ji baƙin ciki kamar zai tsaga ni, a ƙarƙashinsa kuma wani ɗan sanyi, domin wanda ya yanke shawarar tafiya ba zai tsaya koya min raba bindiga ba. Ban san wanne zan kama ba.

"Kuma ki ji," ya ce. "In tana haɗe, a hannunki take. In na ce ki ba ni, kar ki ba ni. Ko da dariya na faɗa, ko da hujja mai kyau. Ni na iya kawo hujja, kin san ni."

"Na san ka."

Da rana ta yi sanyi muka je wani ramin yashi da ke kusa da gida ya jera min bokitai. Ya tsaya a bayana, hannuwansa a aljihu, yana faɗa min da baki. Ƙarar farko sai da na saki ihu. Na ci kwali guda ƙaf, bokiti biyu na samu, ɗayan ma a gefe. Ya ce ba laifi ga mai koyo, amma aladu su kwantar da hankalinsu.

Kafin faɗuwar rana muna zaune a bayan a-kori-kura a ƙarshen gona, iska na busowa daga rafi zuwa wajenmu. Sauro ya sa mu a gaba. Bindiga na kan cinyata a haɗe, cike, kuma ban taɓa jin nauyin abu kamar haka ba. Rabin hankalina na kan bakin daji, rabi na kan hannuwan Hollis.

Sai ga su. Wata ƙatuwar aladiya baƙa ce ta fara fitowa tana shinshina, sannan sauran suka biyo, manya da ƙanana, har na daina ƙirgawa. Suka faɗa wa sashen da ba su taɓa ba, wanda ya fi kowanne 'ya'ya. Ina jin gurnaninsu da ƙarar tsinkewar saiwa.

"Babbar," ya raɗa min. "Bayan kunne. Kar ki yi sauri."

Na ɗaga. Bakin bindigar sai yawo yake. Na ja. Ƙasa ta tashi can nesa da ita. Na sake ja, na sake, ban ma san inda suka tafi ba.

Maimakon su koma daji, sai garken ya ruɗe ya yanko ta tsakiyar gona a guje, a fili tas, suna ratsa gabanmu a jere. Hollis ya zabura tsaye.

"Ba ni! Twila, ba ni, ga su nan a fili!"

Hannunsa ya sauka a kan bindigar. Na rungume ta a ƙirji, bakinta ƙasa.

"A'a."

"Ke, ba wannan nake nufi ɗazu ba! Kina nan, ina nan, ga aladu! Biyar zan kayar kafin su kai wayar shinge. Saki!"

Gaskiya ya faɗa. Hollis ba ya kuskure, kowa a yankin nan ya sani. Idonsa ma lafiyayye ne, idon manomi da ake cinye wa gona. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari a lokacin, kuma yardar ce ta fi komai ba ni tsoro, domin gobe ma zan yarda, jibi ma haka, har ranar da za ta kwana a jingine bayan ƙofa a haɗe.

"Ba zan ba ka ba."

"Gonar ce ke tafiya, Twila!"

"Ta tafi mana."

Ya riƙe, na riƙe. Ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, da ya so fizgewa da ya fizge. Na ji yatsunsa sun ƙara matsewa, sannan suka saki ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen aladun ya kutsa ta ƙarƙashin waya ya ɓace. Hollis ya yi wata ashar da ban taɓa ji a bakinsa ba, ya jefar da hularsa, ya diro daga motar ya kama hanyar gida a ƙafa.

Na cire gidan harsashin, na fitar da na ciki, na tura ƙusoshin da naman yatsa. Na zaro ƙarfen. Na jefa shi aljihu, na kulle sauran a mota, na bi bayansa da sassarfa. Ba zan bar shi ya tafi shi kaɗai da wannan fushin ba. Tun ban yi nisa ba na fara jin gurnani a bayana, sun zagayo sun dawo. Ban waiwaya ba.

Na same shi a ƙofar shinge, ya buɗe ta ya riƙe, ya ba ni baya. Duhu ya fara, ban ga fuskarsa ba. Na wuce, ya rufe, ya ɗaura igiyar a hankali, ya fi yadda ake bukata daɗewa a kai.

"Rufe ido kike kafin ki ja," ya ce, muryarsa a dishe. "Gobe da safe mu koma ramin yashi."

"To."

Muka jera. Ban sani ba ko har yanzu fushi yake da ni, ban kuma tambaya ba. Hannuna na cikin aljihu a kan ƙarfen, da sauran ɗuminsa, ban sake shi ba har muka isa gida.